Me ya sa taurarin da nake haɗawa a kwamfuta ba sa kama da sararin samaniya?

Wani ɗan'uwa mai koyon zane a kwamfuta ya aiko da tambaya. Yana son ya haɗa bangon hoto na sararin samaniya cike da taurari, wanda zai ɗora rubutu ko hoton wata duniya a kai. Ya ce ya cika shafi da baƙi, ya watsa ɗige-ɗige farare kamar yadda ake koyarwa, amma abin da ya fito babu rai a cikinsa, kuma da ya tura hoton waya sai rabin taurarin suka yi ɓatan dabo. Yana aiki da Photoshop, wani lokaci GIMP. Ina gyaran yake?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kusan duk gyaran yana cikin rabon haske tsakanin taurarin da kuma yadda suka bazu, don haka kafin mu taɓa manhaja bari mu dubi yadda sama take.

Masana taurari suna auna hasken tauraro mataki-mataki. Tsarin ya samo asali tun zamanin Girkawa, sai a 1856 Norman Pogson ya daidaita shi, ya zamana tazarar mataki 5 daidai take da ninki 100 na haske, wato kowane mataki ya fi na ƙasa da shi haske kusan sau 2.5. Taurarin da ke matakin farko, su Sirius da Canopus da Rigel da Betelgeuse, a duk faɗin sama ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Waɗanda ido mai lafiya zai iya gani a dare mai duhu sosai kuwa sun kai kusan 9,000 idan aka haɗa sama duka, kuma duk matakin da ka sauka yawansu yana ninkawa kusan sau uku. Idan ka yi lissafi, kowane tauraro ɗaya mai ɗaukar ido yana da 'yan rakiya wajen 400, akasarinsu da ƙyar ake ganinsu. Idon mutum ya saba da wannan rabo ko da mai idon bai taɓa ƙirgawa ba. Shi ya sa da ya ga shafin da taurarinsa dubu duk girmansu ɗaya, haskensu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya, nan take zai ji cewa wani abu bai yi ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

To aikinka shi ne ka gina wannan rabo da gangan, kuma ba a yin sa da leya ɗaya, wato shimfiɗar hoto guda cikin waɗanda manhaja ke jerawa a kan juna (Layer). Aƙalla uku kake bukata: ta ƙananan taurari masu yawan gaske, ta matsakaita 'yan ɗaruruwa, da ta manya waɗanda za ka ɗiga da hannunka ɗaya bayan ɗaya.

Ka buɗe shafin a girman da za a yi amfani da shi, misali fiksel 1920 da 1080 ko 3840 da 2160, kuma ka mai da shi mai zurfin launi 16-bit tun daga farko. A 8-bit kowane launi yana da matakai 256 ne kacal daga duhu zuwa haske, alhali kusan duk hotonka zai zauna ne a matakai 30 ko 40 na ƙasa. Da ka ja haske mai laushi a cikin wannan ɗan tsukin, sai ya fito hawa-hawa, ana ganin ratsin inda mataki ɗaya ya ƙare wani ya fara. A Photoshop ana canza wannan a Image, Mode, a GIMP 2.10 kuma a Image, Precision, wanda a GIMP 3 ya koma Image, Encoding. Leyar ƙasa kada ka yi mata baƙi wuluk. Ka ba ta ɗan shuɗi mai duhu, kamar ja 6, kore 8, shuɗi 16. Dalilin shi ne nan gaba za ka so ka zana ƙura mai duhu da inuwar duniyoyi, kuma idan bangon ya riga ya kai ƙarshen baƙi babu abin da zai fi shi duhu.

Yanzu ƙananan taurari. Ka ƙirƙiri sabuwar leya, ka cika ta da baƙi, ka je Filter, Noise, Add Noise. Ka zaɓi Gaussian, ka sa alama a Monochromatic, adadin kuma ka fara da kashi 40 ko 50. Shafin zai koma kamar talabijin da ta rasa tasha. Daga nan ka dusashe shi kaɗan da Gaussian Blur, tsakanin fiksel 0.5 da 1. Mutane da yawa suna tsallake wannan dusashewar don suna ganin za ta ɓata kaifin taurari, alhali ita ce ke ba tauraro siffa. Idan babu ita, kowane ɗigo fiksel ɗaya ne mai kusurwa huɗu. Idan an yi ta, fiksel masu haske da suka dace da zama kusa da juna sukan haɗu su zama ɗan tudu mai kai da gangare, wani ya fi wani tsayi, kuma waɗannan tuddan ne za su zama taurari masu girma daban-daban.

Sai ka buɗe Levels. Za ka ga jadawalin haske ya taru ya yi tozo a wuri ɗaya, da 'yan alwatika uku a ƙarƙashinsa. Ka jawo farar daga dama har ta iso gindin tozon, inda jelarsa ta ƙare. Sannan ka jawo baƙar daga hagu, ka wuce tozon gaba ɗaya, ka tsaya ɗan nesa kaɗan da farar. Abin da ka yi shi ne ka nutsar da komai cikin duhu sai kawunan tuddan da suka fi tsayi. Matsayin baƙar alwatika shi ke ƙayyade yawan taurari: ka ƙara tura ta dama su ragu, ka dawo da ita hagu su ƙaru. Tazarar da ke tsakaninta da farar kuma ita ke ƙayyade bambancin haskensu. Idan ka matse su gam, duk tauraron da ya tsira zai fito fari fat, ka koma gidan jiya. Ka bar musu fili, ka kuma tura ta tsakiyar dama kaɗan, domin akasarin taurarin su zauna a dushe, 'yan kaɗan kawai su kai fari. Ba zan ba ka lambobin da za ka rubuta a akwatunan ba, saboda suna canzawa da adadin ɗige-ɗigen da kuma yawan dusashewar da ka yi. Siffar tozon ita za ka bi.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata ka sani. Duk wannan saiti ka yi shi kana kallon hoton a girmansa na ainihi, kashi 100 cikin 100. Idan ka ja baya don ka ga shafin duka, Photoshop yana lissafa abin da yake nuna maka ne daga ƙaramin kwafi, inda ɗige-ɗigen suka riga suka narke cikin juna, sai ka ga taurari da yawa ko kaɗan saɓanin gaskiya. Za ka saita har ranka ya so, ka haɗe leyoyi ko ka fitar da hoton, sai ka tarar da wata sama daban. Ka danna Ctrl da 1, ka duba kusurwoyi biyu ko uku, sannan ka yanke hukunci.

Ka mai da yanayin haɗin leyar zuwa Screen, baƙin zai ɓace, taurarin su zauna a kan bango. A GIMP hanyar ɗaya ce, sai dai ɗige-ɗigen za ka samo su daga Filters, Noise, HSV Noise: ka ɗaga Value, ka sauke Saturation ƙasa, Dulling kuma idan ka ƙara shi masu haske sosai suna raguwa. Levels yana ƙarƙashin Colors. Manhajojin Krita da Photopea da Affinity duk suna da waɗannan kayan aiki uku, wato na ɗige-ɗige da na dusashewa da Levels, suna kawai ke ɗan bambanta.

Ko da ka yi duk wannan daidai, saura aibi guda, kuma a ganina shi ne babba. Ɗige-ɗigen kwamfuta suna bazuwa daidai wa daida a ko'ina, kowane lungu na shafin yana da yawan taurari kusan ɗaya da ɗan'uwansa. Sama kuwa ba haka take ba. Muna zaune ne a cikin faifan taurari na Milky Way, don haka idan ka kalli bakin faifan sai ka ga taurari sun cunkushe har sun zama farin ratsi mai keta sama, idan ka kalli gefe kuma sai su yi ƙaranci. Ga kuma gungu-gungu irin Kaza da 'Ya'yanta, ga wuraren da ƙura ta tare hasken abin da ke bayanta suka zama kamar ramuka.

Abin da aka saba koyarwa shi ne a sa wa leyar taurari mayafi (Layer Mask, mai ɓoye wani sashe na leya ya bayyana wani), a cika mayafin da Clouds, filtar da ke zana gajimare. Wannan yana taimakawa kaɗan, amma ka lura da abin da yake yi: yana rage hasken taurarin wani yanki ne kawai, yawansu yana nan yadda yake. Hanyar da na fi so ita ce a shigar da gajimaren kafin Levels ya yanke. Ka tsara su cikin rukuni ɗaya kamar haka: a ƙasa ɗige-ɗigen da aka dusashe, a kansu leyar Clouds baƙi da fari a yanayin Multiply, mai duhunta abin da ke ƙasa da ita, a can sama kuma Levels a matsayin leyar gyara (Adjustment Layer). Rukunin gaba ɗaya ka ba shi Screen. Yanzu inda gajimaren ya yi duhu, tuddan suna gajarta, kaɗan ne ke kai wa layin yanka, sai taurari su yi ƙaranci da gaske. Inda ya yi haske kuma su yi dandazo. Ƙarfin leyar gajimaren kashi 10 zuwa 20 ya isa, domin ɗan canji kaɗan a wannan jelar jadawalin yana kashe taurari da yawa. Daɗin wannan tsari shi ne za ka iya ɗaukar babban burushi mai laushi ka yi zane a kan leyar gajimaren kai tsaye. Ka ja farin ratsi a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, taurari su tsiro a bayansa kana kallo. Ka shafa baƙi a inda rubutunka zai zauna, wurin ya yi sarari ba tare da an ga alamar gogewa ba. Idan GIMP ɗinka 2.10 ne, wanda ba shi da leyar gyara, sai ka ajiye kwafi, ka haɗe biyun na ƙasa, sannan ka yi Levels. Daga GIMP 3.0 da ya fito a 2025 ana iya barin filta a buɗe a dawo a gyara ta daga baya.

Matsakaitan taurari ba su da wahala. Ka maimaita hanyar da sababbin ɗige-ɗige, dusashewa fiksel 1.5 zuwa 2, ka tura baƙar alwatika dama sosai har sai 'yan ɗaruruwa sun rage. Idan kwafin leyar farko ka ɗauka ka faɗaɗa, ka juya shi digiri 180 don kada manya su hau kan ƙanana.

Launi kuma yana da ƙa'idarsa, kuma zafin tauraro ne ke kawo shi. Betelgeuse, mai zafin kusan digiri 3,500 a ma'aunin Kelbin, ja-ja ne mai ruwan lemo. Ranarmu tana wajen 5,800, fara ce mai ɗan rawaya. Rigel ya kai wajen 12,000, fari ne mai shuɗi-shuɗi. Layin ke nan: daga ruwan lemo zuwa rawaya mai haske, zuwa fari, zuwa shuɗi mai haske. Babu tauraro kore shar, domin tauraron da ya fi fitar da kore yana fitar da ja da shuɗi masu yawa tare da shi, ido ya haɗa su ya ga fari. Saboda haka idan ka cire alamar Monochromatic ka bar kwamfuta ta raba launi yadda ta ga dama, za ka samu kore da ruwan hoda barkatai, abin da babu shi a sama. Gara ka raba matsakaitan taurarinka leya biyu ko uku, ka rina ɗaya da ɗan shuɗi, ɗaya da ɗan ruwan lemo, ka bar mafi yawa fari. Rinin ya zama kaɗan ƙwarai. Ƙananan kuwa ka ƙyale su, domin ko a zahiri ido ba ya ganin launin tauraro mai rauni. Wani abin da kan rikita mai koyo shi ne yanayin Color ba ya taɓa fiksel ɗin da ya kai fari fat, sai ya yi ta shafa launi bai ga komai ba. Hakan ba laifi ba ne, don a hoton gaske ma tsakiyar tauraro mai haske fara ce, launin yana fitowa ne a lulluɓin hasken da ke kewaye da ita.

Manyan taurari da hannu ake yin su, kuma a shafi guda 8 zuwa 15 sun wadatar. Kowanne ɗigo biyu ne a wuri ɗaya: ƙaramin fari mai ɗan kaifi a tsakiya, da babban ɗigo mai laushi mai launi, wanda ya ninka shi faɗi sau 6 ko 10, ƙarfinsa kashi 15 zuwa 25. Kada su zama tsara, a samu ɗaya da ya fi kowa, biyu ko uku na bin sa, sauran su sauka. Wajen ajiye su kuma ka yi hattara da hannunka, domin hannun mutum yana son raba abubuwa da tazara daidai, ya sa ɗaya a kowace kusurwa. Ka bar biyu su kusanci juna, uku su yi ɗan gungu, wani babban yanki kuma ya zauna babu ko ɗaya.

Ƙayoyin haske da ake gani suna fita daga tauraro a hotuna ba na tauraron ba ne, na na'urar da ta ɗauki hoton ne. A hotunan na'urar hangen sararin samaniya ta Hubble, wadda aka harba a 1990, ƙayoyi 4 ne saboda sanduna huɗu da ke riƙe da ƙaramin madubinta. A hotunan James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, za ka ga manya 6 da ƙanana 2, saboda madubanta 18 masu kusurwa shida-shida da kuma sanduna uku masu riƙe da ƙaramin madubi. A kyamara ta yau da kullum kuma ƙayoyin suna zuwa ne daga farantai masu tsuke idon gilashi. Abin da wannan ke nufi ga mai zane shi ne, tunda na'ura ɗaya ce ta ɗauki hoton duka, dole ƙayoyin kowane tauraro su zama adadi ɗaya kuma su fuskanci kusurwa ɗaya. Tsawonsu ne kawai ke bambanta, gwargwadon hasken tauraron. Ka zana guda ɗaya mai kyau, siririn layi mai dusashewa a bakinsa biyu, ka kwafa ka juya digiri 90, ka mai da shi burushi, kuma ka tabbata ka kashe saitin da ke juya burushi da kansa. A GIMP filtar Sparkle tana yin wannan aiki, amma ka ba ta kusurwa tsayayya, kada ka bar ta ta zaɓa wa kowane tauraro tasa. Taurari uku ko huɗu mafiya haske kawai suka cancanci ƙayoyi. Filtar Lens Flare kuwa ni dai ina ba da shawarar a bar shi, siffarsa ta riga ta zama sananniya, ana gane ta daga nesa.

Idan kana son nebula, wato gajimaren iskar gas da ƙura, a nan ne za ka iya sake jiki, amma sanin asalin launukan zai tsare ka daga shirme. Iskar haidurojin mai zafi tana fitar da ja a tsawon zango nanomita 656, shi ya sa nebula irin ta Orion ke fitowa ja zuwa ruwan hoda a hotuna. Iskar oksijin tana ba da shuɗi mai kore-kore a wajen nanomita 501. Ƙurar da ke maido da hasken taurari masu zafi tana fitowa shuɗi, kamar wadda ke lulluɓe da Kaza da 'Ya'yanta. Launukan zinariya da shuɗi-kore da suka shahara tun daga hoton ginshiƙan nebular Eagle da Hubble ta ɗauka a 1995 kuwa rabawa aka yi: an ba sulfa ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi, don a bambanta su. Ko wanne ka bi ya yi, muddin ka tsaya a kan launi biyu da suka dace da juna, da na uku kaɗan a wurin da ya fi haske.

Yadda ake yi: sabuwar leya, Clouds baƙi da fari, sannan Difference Clouds sau uku ko biyar har jijiyoyi su bayyana. A GIMP ka fara da Solid Noise. Ka ja shi ka murɗa da Liquify, ko Warp Transform a GIMP, domin gajimaren kwamfuta yana da ƙulli-ƙulli masu girma ɗaya da ke tona asirinsa. Ka ba shi launi da Gradient Map, baƙi zuwa ja mai duhu zuwa ruwan hoda mai haske, ka sa shi a Screen. Daga nan ka rufe shi duka da baƙin mayafi, ka riƙa buɗe shi a hankali da burushi mai rauni. Nebula ta mamaye sulusin shafi ko ƙasa da haka, ta kasance tana da wuri ɗaya mai haske, kusa da manyan taurarin da za a ce su ke haska ta, sauran jikinta kuma ya narke cikin duhu.

Sannan ƙura mai duhu, wadda yawancin masu zane ke mantawa da ita, alhali ita ce ke kawo zurfi. Dubi hoton Horsehead ko Coalsack, ko baƙin tsagin da ya raba Milky Way biyu: wurare ne da ƙura ta tare hasken taurarin da ke bayanta. Ka yi leyar gajimare mai ruwan ƙasa mai duhu a yanayin Multiply, ka ajiye ta a saman nebula da ƙananan taurari, amma a ƙarƙashin matsakaita da manya. Jerin leyoyin kaɗai ya isa ya gaya wa ido cewa waɗancan suna can baya, ƙura na tsakiya, waɗannan kuma suna gaba.

Tunda ka ce za ka ɗora duniya a kai, ka kiyaye abu biyu. Duniya ko wata dunƙulallen abu ne, ɓangarensa mai duhu ma yana tare taurari, don haka kada tauraro ko ɗaya ya fito a cikin da'irar, har a cikin ƙahonnin jinjirin wata. Ka sa baƙar da'ira cikakkiya a ƙarƙashinsa. Na biyu, abu mai hasken rana yana danne taurari. Abin da ya sa ba a ganin taurari a hotunan da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗauka a kan wata ke nan: an saita kyamara don ƙasa mai haske, idonta bai daɗe a buɗe yadda taurari za su kama ba. Ba sai ka bi wannan sau da ƙafa ba, amma ka rage ƙananan taurari a kewayen gefen duniyar mai haske. Idan kuma saman za ta zauna ne a bayan hoton ƙasa da duwatsu, taurari su riƙa raguwa suna dushewa yayin da suke gangarowa inda sama ta haɗu da ƙasa, saboda haskensu yana ratsa iska mai kauri a can.

Ɓacewar taurari a waya kuma lissafi ne kawai. Idan ka yi hoto mai faɗin fiksel 3840, aka rage shi zuwa 1080, kowane sabon fiksel ya haɗiye tsofaffi kusan 13. Tauraron da yake fiksel ɗaya sai a cakuɗa haskensa da baƙaƙe 12, ya koma ɗan toka-toka da ba a gani. Bayan haka JPEG yana yanka hoto gida-gida, fiksel 8 da 8, yana zubar da ƙananan bayanai, kuma galibi yana ajiye launi a rabin ƙuduri, sai ɗan launin taurarin ma ya tafi. Kafofin sada zumunta kuma sukan sake matse hoton bayan ka ɗora. Maganin shi ne ka ƙera taurarin a girman da za a kalle su. Nebula da ƙura da bango za ka iya rage su yadda kake so, amma leyar ƙananan taurari ka sake yin ta a sabon girman, aikin minti biyu ne idan rukuninka na nan. Mafi ƙanƙantar tauraron da kake son ya tsira ya kai fiksel 2. Kafin ka sauko daga 16-bit zuwa 8-bit, ka zuba ɗige-ɗige masu rauni, kamar kashi 1, a kan bango da nebula, su za su hana ratsin hawa-hawa fitowa. Ka fitar da hoton a sRGB, PNG idan wurin ya yarda, in kuma JPEG ne to a inganci 90 ko sama. Ka gwada shi a waya cikin ɗaki mai haske, domin duhun da ke da kyau a allonka da dare yakan zama baƙi ɗaya da rana.

Idan bugawa za a yi, abin ya fi tsanani. A ma'aunin fiksel 300 a inci ɗaya, fiksel guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wajen 0.085 ne, kuma baƙin da aka haɗa da tawada huɗu yana malalowa ya cike irin wannan ɗan farin gurbi. Ƙananan taurarin su kai fiksel 3 ko 4, ka rage yawansu, ka ɗaga hasken nebula fiye da yadda take a allo, sannan ka nemi a buga maka ɗan yanki na gwaji a kan ainihin takardar kafin a buga duka.

Wani lokaci aikin yana bukatar sama ta gaske, misali hoton da za a koyar da ɗalibai da shi, ko inda wani zai iya gane taurarin Orion uku da ke jere ya ga an karkatar da su. A nan kada ka ƙirƙira. Manhajar Stellarium kyauta ce, za ka ba ta wuri da rana da lokaci ta nuna maka sama yadda take, ka ɗauki hoton allon ka sa shi a leya ta sama da ƙarfi kaɗan, ka ɗiga manya da matsakaitan taurarinka a kan gurabensu, ƙananan kuma ka bar wa ɗige-ɗigen kwamfuta. Haka nan kana iya ɗauko nebula ta gaske ka haɗa da taurarinka. Hotunan NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, galibi ba su da haƙƙin mallaka, ko da yake ba a yarda a yi amfani da tambarinta ko a nuna kamar ta amince da hajarka ba. Na ESA, hukumar sararin samaniya ta Turai, daga Hubble da Webb, da na ESO, cibiyar Turai ta hangen taurari, suna ƙarƙashin lasisin CC BY 4.0, wanda ya halatta amfani har na kasuwanci da sharaɗin ka rubuta sunan masu hoton kamar yadda suka bayar. Idan ka yi irin wannan haɗin, ka ƙirga ƙayoyin taurarin da ke cikin hoton da ka ɗauko, 4 ne ko 6, ka sa naka su zama adadi ɗaya da kusurwa ɗaya da su.